Injin busar da abinci ɗan Beljiyam: sharhina bayan gyara

Masu tambayata a kan injin busar da abinci na hannu, ko ya cancanci kuɗinsa, amsata eh ce amma da sharaɗi. Nawa ɗan Beljiyam ne, wato wanda aka yi amfani da shi a Turai aka kawo, irin mai faranti biyar ɗin nan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, hita da fanka suna ƙasa. Saboda damina na saye shi, don a Kaduna in Agusta ta shigo ka shanya kuɓewa ko tattasai sai dai ka kwashe fumfuna, lokacin hunturu kam ai wa ke buƙatar inji.

Da farko yana aiki lafiya lau, daga baya sai ya zama fanka na juyawa, fitila na kunne, amma iskar da ke fitowa sanyi ƙalau. Mai gyaran unguwarmu ko mitar gwajin wuta bai ɗauko ba ya ce "Hajiya fiyus ne, bari in yi miki dairek kawai." Wato ya cire fiyus ɗin ya haɗa waya da waya. Na ce a'a Malam bar shi, na gode. Abin da ake barinsa a kunne tun dare har safiya ana barci, jikinsa kuma roba ce, shi za a cire wa abin da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima?

Sai na kai shi kasuwar Panteka wajen wani dattijo mai gyaran kayan wuta, kuma wallahi a nan na ga bambanci. Ya kwance gindin, ya sa mita a hitar ya ce lafiyarta ƙalau, ya gwada makunnin da ke daidaita zafi shi ma yana amsawa, fiyus ɗin zafin ne dai ya mutu. Amma bai tsaya nan ba, ya ce "'yata ai fiyus ba ya mutuwa haka kawai", ya juya fankar da yatsa sai ga ta da nauyi, maiƙo da ƙura sun daskare a jikin sandarta, da alama mai shi na can Turai nama yake busarwa bai taɓa wankewa ba. Fanka in ta rage gudu zafi sai ya taru a wuri ɗaya, shi ne ya kashe fiyus ɗin. Ya wanke, ya ɗiga mai, ya nemo fiyus mai lamba ɗaya da wadda ke rubuce a jikin tsohon, kuma matse shi ya yi da ɗan ƙarfe bai yi masa solda ba, don zafin soldar kaɗai na iya kashe sabon. Kuɗin fiyus ɗin ko na keken da ya kai ni bai kai ba.

Yanzu zogale ina sa shi wajen digiri 40, yana fitowa kore shar ba kamar na rana da ke dusashewa ba. Tumatir da mangwaro 55 zuwa 60, nama kuwa sai 70. Citta 'yar Kachia in an yanka ta siriri tana yin kyau sosai, ƙamshinta na nan. Kilishi ne dai ban yaba ba gaskiya, yana bushewa amma babu ƙamshin gashin nan, gara ka saya wajen masu shi.

Abin da ke ban haushi, farantin ƙasa ne ke riga bushewa, dole ka riƙa sauya musu wuri. Ga tumatir na cin awa goma ko fiye, in aka ɗauke wuta a tsakiya aka daɗe ba a kawo ba sai ya fara tsami, janareta kuma lissafin mai ba zai fita ba.

Wanda zai saya ya juya gindinsa ya karanta kafin ya biya. In an rubuta 220 zuwa 240 to ya dace da wutarmu, in 110 ko 120 ne ɗan Amurka ne, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfinsa, ana jona shi kai tsaye zai ƙone. Sannan a sa mai kaya ya kunna a gabanka, ka sa hannu ka ji iska mai zafi ta iso har farantin sama.