Fihirisar Microsoft Word: Ta Iya Lissafin Shafi, Jeren Kalmomi Kuwa Sai An Sa Mata Ido

Duk wanda ya taɓa haɗa fihirisar littafi da hannu, wato jerin muhimman kalmomi da shafukan da suke ciki, ya san cewa mafi wahalar aikin shi ne bin lambobin shafi, domin ƙara sakin layi ɗaya a babi na farko yana iya rusa lissafin littafin gaba ɗaya. A nan manhajar Word ta cancanci yabo. Marubuci zai zaɓi kalma, ya danna maɓallan Alt da Shift da X tare, sai manhajar ta dasa ɓoyayyiyar alama mai suna XE a wurin, kuma duk lokacin da aka gyara rubutun, danna F9 a kan fihirisar ya isa ya sabunta lambobin.

Inda nake da ja shi ne yadda take jera abin da aka ba ta. Kalmomin da suka fara da alamomi irin su # da @ su ne a sama, sai lambobi, sannan haruffa, wanda ba laifi ba ne. Sai dai ba ta duban darajar lamba, adadi ɗaya bayan ɗaya take bi, saboda haka 10 kan riga 2 zuwa, kuma 1960 kan zauna gaban 200, abin da zai ɗaure wa mai karanta littafin tarihi kai.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙari. Abacadar da muka koya a makaranta ta ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, amma idan aka bar harshen fihirisar a Turanci, tsamiya za ta faɗa tsakanin toka da tuwo, shayi kuma tsakanin sabulu da siminti. Wani ba zai damu ba, amma malamin da ke shirya littafin koyar da yara dole ya damu. Haka nan waƙafin sama na kalmar 'ya'ya, wanda gyaran kai tsaye na manhajar kan juya shi ya zama buɗe zance, ya kamata a duba shi tun kafin a yi wa kalmar alama.

Maganin yana cikin alamar XE ɗin kanta, ko da yake ba kowa ya san shi ba. Idan aka rubuta waƙafi mai ruwa bayan kalmar, sannan aka ƙara wani rubutu, manhajar za ta nuna na farko amma ta jera bisa na biyu, don haka rubuta 02 bayan 2 zai mayar da ita gaban 10, sa tz a madadin ts a rubutu na biyun kuma zai kai tsamiya bayan tuwo. Aiki ne mai cin lokaci, kuma a littafi mai kalmomi ɗari biyar sai an ware masa yini guda ko fiye, amma har yanzu ina ganin ya fi komawa ga takarda da biro sauƙi nesa ba kusa ba.