Cotswold Way ta hannun kamfanin ɗaukar kaya: me kuɗinku ke saya?

Hanyar Cotswold Way mil 102 ce, wato kilomita 164, daga garin Chipping Campden har ƙofar majami'ar Bath Abbey a birnin Bath. Tun 2007 take cikin jerin manyan hanyoyin ƙafa na Ingila. Kamfanoni da dama na sayar wa miji da mata tafiyar a dunƙule: su kama muku ɗaki a kowane zango, su ba ku taswira da bayanin hanya, kowace safiya kuma mota ta kwashi jakunkunanku zuwa masauki na gaba. Ɗan jagora babu. Daga ku sai ƙafafunku.

Hidimar ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi: kada ku sayi ta kwana bakwai don ta fi araha. Kwana bakwai na nufin kusan mil 15 kullum, kuma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Bakin tudu take bi, ta gangara cikin ƙauye, ta sake hawa, ta sake gangarawa. Wuri mafi tsawo shi ne Cleeve Hill, mita 330 kacal, shi ya sa mutane ke raina ta. Ba tsawon tudun ke gajiyar da mutum ba, yawan hawa da sauka ne ke cin gwiwa. Idan saurin ma'auratan bai zo ɗaya ba, kwana tara ko goma shi ne daidai, mil 10 zuwa 12 a rana, har a sami sararin leƙa hasumiyar Broadway Tower ko tsohon kabarin Belas Knap da ke saman Winchcombe.

Ɗaukar kayan shi ne ƙashin bayan hidimar, kuma a nan ba kasafai ake samun matsala ba in an kiyaye ƙa'ida. Yawanci jaka ɗaya ce ga mutum ɗaya, kada ta wuce kilo 20, a ajiye ta a bakin ƙofar masauki kafin ƙarfe tara na safe da takardar suna a jiki. Direban masaukai da yawa yake zagayawa, ba zai tsaya jiran wanda bai gama haɗa kaya ba. Jakar kan isa da la'asar, don haka wanda ya riga ta isa zai zauna da jiƙaƙƙun kaya. Magani, fasfo, caja da rigar ruwa su zauna a ƙaramar jakar goyo.

Masaukai kuwa sai an sa ido. A Broadway, Winchcombe da Painswick ɗakuna suna da yawa. A wasu zangunan, musamman tsakanin Winchcombe da Painswick, gadaje sun yi ƙaranci, sai kamfani ya kama muku ɗaki nesa da hanya ya turo tasi. Ku tambaya tun kafin biya: kuɗin tasin yana ciki? Ku kuma faɗi irin ɗakin da kuke so a rubuce, babban gado ɗaya ko ƙanana biyu, da banɗaki a ciki, domin a tsofaffin gidaje wani lokaci banɗakin yana can ƙarshen baranda.

Inda hidimar ta gaza shi ne abinci. Karin kumallo kaɗai ke cikin kuɗin, kuma na gargajiyar Ingilishi cike yake da naman alade. Wanda ba ya ci ya sanar tun lokacin rajista, za a ba shi ƙwai, wake, tumatir da burodi. Abincin rana da na dare naku ne. Ƙauyuka da yawa ba su da kanti ko ɗaya, mashayar ƙauye kuma takan rufe kicin bayan ƙarfe biyu ko uku sai yamma, wasu ma ba sa girki daren Lahadi ko ranar Litinin. Takardun kamfani ba kullum suke sabunta wannan ba. Ku roƙi masauki ya ɗaure muku abincin rana tun da dare, ku kama tebur ta waya, kowa kuma ya ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi aƙalla.

Alamun hanya suna da kyau: hoton ƙwallon itacen oak a jikin turaku da ƙofofi. Inda ake ɓata shi ne cikin kurmi, inda ƙananan hanyoyi ke sarƙewa, da filayen wasan golf irin na Cleeve Common. Taswirar takarda ta fi waya amana, don a kwari sabis ɗaukewa yake.

Hanyar ta ratsa gonakin mutane ne, doka ce ta ba mai tafiya izinin wucewa. Ƙofar da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe. Shanu masu 'yan maruƙa a kewaye su a hankali, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Da dare a duba ƙafafu da bayan gwiwa saboda kaska, tana iya ɗaukar cutar Lyme. Bayan ruwan sama taɓon hanyar dawakai yakan kama takalmi har idon sawu, safa ta jiƙe, jiƙaƙƙiyar safa kuma ita ce uwar bororo. Sabon takalmi kada ya zo tafiyar nan. Da an ji wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta nan take, ba sai an isa masauki ba.

Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi, ɗakuna kuma da wuri suke ƙarewa. Chipping Campden ba shi da tashar jirgin ƙasa: daga tashar Paddington a Landan ake hawa jirgi a sauka Moreton-in-Marsh, a ƙarasa da bas ko tasi, ranar Lahadi kuwa kada a dogara da bas. A ranar ƙarshe jaka ba za ta isa Bath da wuri ba, don haka tikitin komawa Landan ya zama na yamma ko na washegari.