Makahon da ya gyara mini ƙugu a Guangzhou

Kunyar da na sha ranar har yau ba ta sake ni ba. Wata uku ina fama da ciwon ƙugu, tun da na sunkuci wani kwalin takalma a wurin lodin kwantena. Wani ɗan Maraɗi da muke haya tare a unguwar Xiaobei ya gaji da nishina, ya ce, "Alhaji, tashi in kai ka wurin tausa." Muna isa na ga dattijo makaho zaune a bakin ƙofa da farar riga. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu yana laluben canji ba. Abokina ya damƙe ni: "Rufa mana asiri, Alhaji, ai shi ne mai aikin."

Ashe duk ma'aikatan shagon makafi ne. A Chaina tausa sananniyar sana'arsu ce, da makarantu da jarrabawa da takardar shaida.

Ya kwantar da ni rub da ciki a gado mai ramin sa fuska, ya rufa mini farin ƙyalle a kan rigata, ba mai ba komai. Babban yatsansa ya riƙa bin gefen ƙashin bayana a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har ya tsaya cak a inda ciwon yake, alhali ban ce masa uffan ba. Sai kuma ya bar wurin, ya koma bayan gwiwata ya danna. Wallahi sai da na yi salati da ƙarfi. Ƙugu ke ciwo, me ya kai shi ƙafa?

Da wayar abokina ta yi mana tafinta na fahimta. A wurin masu maganin gargajiyar Chaina akwai wani ƙarfi da suke kira chi, yana gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12, a kansu kuma akwai matsaya sama da 300. In hanya ta toshe, ciwo ya zo. Ɗaya daga ciki ta bi gefen ƙashin baya, ta gangara bayan gwiwa har ƙaramin yatsan ƙafa. Wuraren da masu maganin gargajiyarsu ke soka siraran allurai su yake dannawa da yatsa, aikin kuma sunansa twina. Likitocin asibiti sun yi ta fiɗa ba su ga waɗannan hanyoyi ba, ni ma ban ce na yi imani da su ba. Amma dai bayan zuwa na uku na yi ruku'u ban dafa bango ba.

Su ma fa da abin haushi. Ya kafa mini dokar hana shan ruwan sanyi, a garin da zafinsa da gumi sun isa su narkar da mutum. Ko'ina ka zauna ruwan zafi za a tura maka. Komai a wurinsu yin ne ko yang, sanyi ko zafi, sai na tuna Inna da kowace cuta ta ce sanyi ne. Ga matar da ke karɓar kuɗi kullum sai ta matsa in yanki katin zuwa goma.

Ranar da ya kafa mini kofunan gilashi da wuta, ba tsaga ba jini, kewar gida ta taso mini. Ƙaho ne fa, irin na wanzamin unguwarmu da ke zama gindin darbejiya ranar Juma'a. Muna da ƙaho, muna da ɗori, muna da tausa, sai dai mun bar su a wulaƙance: aska ɗaya ta zaga mutum goma, mai magani kuma ya buɗe bayan mota da lasifika yana batsa a tsakiyar kasuwa. Nan shekara biyar ake yi a jami'a ana karanta maganin gargajiya, ta garin nan ma tun 1956 aka kafa ta. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha, daga wani ganye dangin tazargade wata masaniya 'yar Chaina mai suna Tu Youyou ta ciro shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Makafinmu kuwa sai ƙoƙon bara da ɗan jagoran da aka hana makaranta.

A zuwan ƙarshe na biya ta manhajar waya ta WeChat, sannan na zaro yuan 50 na danƙa masa a hannu. Ya shafa takardar da yatsa, ya lalubo aljihun rigata ya mayar, ya ce wani abu yana dariya. Wayar ta fassara: kada in ƙara ɗaukar kwali a sunkuye, in durƙusa tukuna.