Sifirin ko man shok: wanne za ka fara taɓawa?

Malam, ka ce bugi ɗinka, wato ƙaramar motar tsere ta rimot mai girman 1/10 na motar gaske, in ta sauko daga tudu sai bayanta ya yi ta tsalle kamar kwaɗo, kana tambaya ko sifirin za ka canja ko man shok. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Shi ke yanke iya lotsawar da za ta yi da iya karkatarta a kwana. Sifirin mai taushi kan ƙara wa taya kamun ƙasa, mai tauri yana sa mota saurin amsa sitiyari amma ta fi zamewa. Zoben nan da kake murzawa a saman sifirin kuwa ba ya ƙara masa tauri ko kaɗan, tsayin mota daga ƙasa kawai yake sauyawa. Da yawa suna ta ɗaure shi suna zaton gyara suke yi.

Shi mai ba ya ɗaukar nauyi. Abin da yake hukuntawa shi ne saurin lotsawa da saurin dawowa. A cikin shok akwai fistin mai 'yan ramuka, galibi biyu masu faɗin milimita 1.6 ko 1.7 a irin motarka, kuma dole man silikon ya ratsa ta cikinsu. In ya yi ruwa-ruwa, sifirin ya samu sake, sai tsalle. In kauri ya yi yawa, taya ba ta iya bin gargada, sai ka ga mota tana karkarwa a kan ƙasa mai tsakuwa. Kula da lambar kwalba, wt ko cSt, duka ma'aunin kaurin mai ne: 30wt na kamfanin Team Associated kusan 350 cSt ne, 35wt kuma 425, amma wt na wani kamfani ba lallai ya yi daidai da wannan ba. Bi cSt, ya fi amana. Zafin bazara ma yana tsinka mai, don haka wanda ya yi maka daidai da hunturu zai iya gazawa a Afrilu.

A ganina matsalarka ta mai ce. Ɗaga motar da batir a ciki kamar tsawon rula, santimita 30, ka sake ta a kan siminti. Mota mai lafiya za ta lotsa, ta ɗago sau ɗaya, ta tsaya cak. In ta sake yin sama, mai ya yi tsinki ko iska ta shiga shok. In cikinta ya bugi ƙasa da ƙara, fistin mai ƙananan ramuka take so.

Zuba sabon mai, ka motsa fistin a hankali, ka jira kumfa ta gama fita kafin ka rufe. Ƙara kauri mataki ɗaya a shok na baya kaɗai, ka bar sifirin yadda yake, ka zagaya fili sau biyar, sannan ka gaya mana yadda ta sauka.