Fitilar goshi mai canjin kwai: a sauya allon kwai kaɗai, ko a sauya kan fitilar gaba ɗaya?

Malam, na ga tambayarka a zaure. Ka ce kana son ƙera fitilar goshi wadda idan kwan fitilar ya mutu, ko wani sabon kwan LED ya fito, za a cire tsohon a saka sabo ba tare da an jefar da fitilar ba. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne: ka bar direba, wato allon da ke daidaita wuta, a jikin fitila a riƙa sauya allon kwai kawai, ko ka haɗa kwai da direba da gilashi wuri guda a riƙa cire su tare? Na taɓa gwada duka biyun, ga abin da na gani.

Hanya ta farko ita ce mai sauƙin kuɗi. Kwan yana liƙe a kan ɗan faifai na alminiyam ko jan ƙarfe, yawanci mai faɗin milimita 16 ko 20, da wayoyi biyu. Ka narkar da dalma, ka ɗaga faifan, ka goge tsohon man zafi, wato man da ke taimaka wa zafi ya ratsa zuwa jikin fitila, ka shafa sabo, ka ɗora wani. Dadinta shi ne kwaye da yawa girmansu ɗaya: Cree XP-G, Nichia 519A, Samsung LH351D da Luminus SST-20 duk milimita 3.5 ne kowane gefe, kuma duk kusan bolt 3 suke ci. Direba ɗaya zai iya ɗaukar kowannensu. Ko direba mai ƙananan na'urorin daidaita wuta na AMC7135 ne, kowane ɗaya yana ba da miliamfiya 350, uku sun ba ka kusan amfiya ɗaya, ya wadatar da aikin kusa.

Amma fa ka tambayi kanka wa zai yi wannan canjin. Kai da ke da ayan dalma, wato ƙarfen narkar da dalma, a kan tebur, minti goma ya ishe ka. Bakanike da ke ƙarƙashin mota, ko manomin rani da ke ban ruwa da daddare, ba shi da wannan. A wurinsa fitilar nan da wadda aka liƙe da gam duk ɗaya ne, sai ya nemo mai gyara. Sannan akwai tarko: ranar da wani ya ga kwan XHP50 na asali, mai cin bolt 6 ko 12, ya ce ai wannan ya fi haske, ya ɗora shi a kan direban bolt 3, ba abin da zai gani sai duhu. Idan kuma aka yi akasin haka da direban da ba ya kare kansa, kwan ne zai ƙone.

Hanya ta biyu tsohuwa ce, ba yau aka fara ba. Tocilan SureFire 6P tana da wani kai da ake kira P60, wanda ake zarewa a jefa wani, har wasu kamfanoni suka riƙa yin nasu a kan wannan ma'auni na shekaru masu yawa. Kowane kai na LED yana zuwa da direban da ya dace da kwansa, saboda haka babu zancen bolt bai yi daidai ba. Jikin fitila ba ya ɗauke da komai sai batir da makunni. Kana iya yin kai mai faɗin haske na gyaran waya, wani mai jifa nesa na gadi, wani ja wanda ba ya kashe ido cikin duhu. Kuɗin kowane kai ya ƙaru, tunda kana biyan direba sau uku, nauyi ma ya ɗan ƙaru a goshi.

Inda maganar take shi ne zafi. Kwai mai cin bolt 3 da amfiya ɗaya wat 3 yake sha, kuma fiye da rabin wannan zafi yake zama, a wuri ƙanƙani da bai kai ƙwayar wake ba. Dole zafin ya bi ta faifai, ya shiga jikin ƙarfe, iska ta kwashe. Duk inda aka samu rata a hanyar nan, kwan ne ke biya. A nan hanya ta farko ta fi, domin faifan yana manne da jikin fitila kai tsaye. P60 kuwa sananne ne da wannan rauni: kan yana zaune ne a kan sifirin, da ɗan sarari kewaye da shi, shi ya sa masu amfani da shi ke naɗe shi da takardar alminiyam don ya matse.

Na ga wannan da idona. Kan farko da na haɗa, na yi shi mai zurawa a tsaya da maganaɗisu, na ji daɗin yadda yake shiga da ɗan sauti. Na kunna shi cikin zafin watan Afrilu, ban daɗe ba na ga hasken ya fara ja baya yana komawa shuɗi-shuɗi. Na taɓa jikin fitilar, sanyi ƙalau. Na zaro kan, sai da na sake shi a kan tebur saboda ƙuna. Jikin da ya kamata ya ɗauki zafin bai ma san ana yi ba. Fitilar da jikinta ke ɗumi ita ce mai aiki daidai.

Batun ƙura da ruwa kuwa gajere ne: duk abin da ake buɗewa ƙofa ce, kuma ƙurar hunturu ba ta neman izini. Zoben roba a kowace mahaɗa, da ɗan man silikon. Kamfanoni irin su Zebralight sun zaɓi rufe kayan wutarsu ruf, ba a sauya komai cikin sauƙi, sun sayi ƙarko da wannan.

Ni dai da ni ne kai, hanya ta biyu zan bi, amma ba irin ta P60 ba. Ka yi kan mai murɗawa kamar murfin kwalba, alminiyam a kan alminiyam, da faffaɗar kafaɗa da za ta danne jikin fitila idan an ɗaure. Wannan kafaɗar ce hanyar zafi, kuma jikin ƙarfen zai iya zama wayar negatif, saura mahaɗa ɗaya tak a tsakiya. A cikin kan kuma ka sa faifan jan ƙarfe na milimita 16 da aka ɗaure da ƙananan sukurori, don mai ayan dalma ya iya sauya kwai idan ya so. Ka tsaya a kan batir 18650 guda ɗaya, wanda ake samu ko daga tsohon batirin laftof. Mai miliamfiya-awa 3000 zai kai ka kusan awa uku a amfiya ɗaya.

Kai na farko da za ka yi, ka sa masa Nichia 519A mai kelbin 4500, wato ma'aunin launin haskensa. Ba shi ne ya fi kowa haske ba, amma yana nuna launi yadda yake, mai gyara zai bambance jar waya da mai ruwan ƙasa a cikin injin ba tare da ya kawo ta kusa da ido ba. Ka kunna shi minti goma sha biyar a kan mafi ƙarfinsa, ka ɗora yatsa a jikin fitilar, ka dawo ka gaya mana abin da ka ji.