Ruwan cire siminti ya yi aiki, yaron shagon ne ya cuce ni

Bari in fara da yabo don kada a ce ban yi adalci ba. Ruwan nan na narkar da siminti, mai farar jarka da kan feshi, yana aiki. Masu harkar gini kun san shi, kun kuma san kuɗinsa ba na wasa ba ne. Abin da ya kai ni sayensa, masu filasta ne suka gama benen sama suka bar min tsarabar siminti a tagogin falo, wani ɗigo-ɗigo, wani kuma ya zubo ya yi layi tun daga sama har ƙasa ya bushe ƙam. An ce su rufe tagogin da leda kafin su fara, suka rufe rabi suka bar rabi.

Da gilashin gama-gari ne da ban ɗaga hankalina ba. Nawa irin mai wanke kansa ne, wanda aka fara sayarwa tun 2001. A fuskarsa ta waje akwai wani shafe na sinadarin taitaniyam dayoksaid, siriri ƙwarai har ido ba ya ganinsa. In rana ta doke shi sai ya riƙa cinye maiƙo da kashin tsuntsu da makamantansu, in ruwa ya zubo kuma ba ya tsayawa gudaji-gudaji, shimfiɗuwa yake yi ya tafi da dattin. To amma siminti ba ruwansa da rana. Ku dubi yadda yake cin tafin hannun lebura, haka yake cin gilashi in aka bar shi ya daɗe a kai.

A lungun wata taga ta baya na fara gwadawa, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi. Na jiƙa wurin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, na fesa, na manna jiƙaƙƙen tsumma a kai don kada ya bushe. Bayan kamar kwata na ɗaga tsumman, sai ga abin da ya gagari farce ya yi laɓo-laɓo kamar kunun da ya kwana. Ban goge ba, ruwa na yi ta kwarara masa har ya sauka da kansa, domin yashin da ke cikin kwaɓin ya fi gilashi tauri, in ka murza shi kai da kanka kake karce tagarka. Masu kaurin sai da aka maimaita musu. Da na gama na watsa ruwa in gani, ruwan ya shimfiɗu sumul yadda ya saba. Wallahi na ji daɗi, har na kira uwargida ta zo ta gani. Asid ɗin da ke cikin ruwan cire simintin mai sanyi ne, dangin na lemon tsami, ba irin wanda masu tayil suke wanke ƙasa da shi yana hayaƙi yana shaƙe mutum ba.

Da a nan aka tsaya, maki biyar cif zan ba ruwan da masu shagon.

Tagogin sama sai da tsani, ni kuma gwiwa ta ƙi. Mai shagon da na sayi ruwan ya ce suna da yaran da suke wannan aikin, a biya daban. Na biya. Yaron ya zo, na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla: ban da reza, ban da wuƙar kankare fenti, ban da soson ƙarfe. Na nuna masa tagar da na yi da hannuna. Ya ce, "An gama, Alhaji, ai aikinmu ne." Na tafi la'asar. Tun daga bakin get da na dawo nake jin wani ƙiii-ƙiii, na ɗaga kai, ga shi can a kan tsani da reza a hannu yana kankarar babbar tagar tsakiya, a bushe, jarkar tana ajiye a ƙasa ko buɗe ta bai yi ba.

Na ce, "Kai! Me na gaya maka?"

Ya ce, "Alhaji, wannan ruwan ɓata lokaci ne, ina da wani aikin a gaba. Haka muke yi ko'ina, ba wanda ya taɓa magana."

Da safe ba ka ganin komai. Amma rana ta karkata yamma ta haske tagar, sai ka ga zane-zane sirara birjik, wurin ya kai faɗin tafin hannu biyu, daidai inda idon mai zama a falo yake sauka. In aka watsa ruwa, ko'ina ya sulale, nan kuwa sai ya tsaya ya bushe ya bar tabo. Kuma ba gyara. Shafen nan tun a masana'anta ake haɗa shi da gilashin yana da zafi, ba fenti ba ne da za a sake shafawa. Sai dai a cire tagar a sa sabuwa.

Na koma shagon da hotuna. Mai shagon ya duba ya duba, ya ce, "Haƙuri za ka yi, Alhaji, ka san yaran yanzu." Wai zai ƙara min jarka ɗaya kyauta. In yi me da ita? Simintin ai ya fita, tagata ce ta tafi. Abin da ya fi ƙona min rai, shi kansa bai san akwai gilashin da ba a sa wa reza ba, sai a bakina ya ji, alhali shi ya ce min yaransa ƙwararru ne.

Tunda an zo nan, shi ma ruwan ba tsarkakakke ba ne. Kan feshin ya toshe tun jarkar ba ta kai rabi ba, sai da na juye a wata roba. Inda ya gangara ya kwanta a kan firam ɗin alminiyam ya bar dishi-dishi, kuma gargaɗin hakan an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a gindin jarka, sai da tabarau. Ku riƙa wanke firam nan take. Akwai kuma wasu ɗigon da suka fi daɗewa, sun fita amma sun bar inuwa fara-fara. Wannan kam ba laifin ruwan ba ne, simintin ya riga ya ci wurin.

Masu tambayata ko gilashin ya cancanci kuɗinsa a Kano: da damina ƙwarai. Da hunturu kuwa ƙurar nan ƙasa ce zalla, rana ba ta cinye ta, ga shi ba ruwan sama wata da watanni, sai ka sa tiyo ka watsa masa da kanka.

Ruwan na ba shi huɗu, ko ma uku da rabi saboda kan feshin. Aikin yaransu ko ɗaya bai ci ba. Mai gilashi ya zo ya auna tagar, ya ce irinta sai an yi odar ta daga Legas, kuma har yanzu mai shagon bai ce zai ɗauki ko rabin kuɗin ba.