Gidan Kiburi mai mata biyu: abin da na gani a gidan zu na Landan

Wankan jego ne ya kai ni Landan a daminar 2024. Da muka yi arba'in sai surukina ya ce, "Hajiya, ai ba kya koma Kano ba ki ga komai ba sai kicin da asibiti." Ya sayi tikitin gidan zu ta intanet, wai ya fi araha a kan na bakin ƙofa. Na tambayi kuɗin ya yi ta kwana-kwana, sai 'yar tawa ce ta raɗa min cewa na babba ɗaya ya haura fam 30. Na buga lissafi da naira, na ja bakina na yi shiru.

Gidan yana cikin lambun Regent's Park, tun 1828 yake nan. Mun sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Camden Town muka taka kusan minti 15, gwiwata kuwa ta ba ni labari. Mai ciwon ƙafa ya hau bas mai lamba 274, ita ta fi kusa da ƙofa. Daga shiga akwai mutum-mutumin wani gwaggon biri mai suna Guy, wanda ya zauna a gidan daga 1947 har ya mutu a 1978, yara na ta hawa ana ɗaukar su hoto. Ni kam kafin ranar gwaggon biri ɗaya na sani, wanda aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano a 2019, har gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma irinsa a gidan.

Mun leƙa zaki da raƙumin dawa, ba laifi. Amma inda kuɗinmu ya fita shi ne sashen gwaggon birai, wanda aka buɗe a 2007.

Maigidan sunansa Kiburi. Daga tsibirin Tenerife aka kawo shi a ƙarshen 2022, nauyinsa ya doshi kilo 200, gadon bayansa fari sol kamar an barbaɗa masa toka. Furfurar nan ba tsufa ba ce, alamar cikar namiji ce da ke fitowa wajen shekara 12. Matansa biyu, Mjukuu da Effie, kuma dukansu goyo suke: ɗaya ta haihu a Janairu, ɗayar a Fabrairu, duka mata, Juno da Venus. Kishiyoyi biyu a ɗakin jego lokaci guda! Na ce wa 'yata wannan gidan na san irinsa, a cikinsa na girma.

Sai da na samu wuri na zauna jikin gilashi sannan na fara gani da kyau. Wata ma'aikaciya ta nuna min Mjukuu tana zaune ta jingina da bango, jaririyar ta ƙanƙame gashin ƙirjinta. 'Yar ta zame ta rarrafa bai fi taku uku ba. Uwar ko kallonta ba ta yi ba, tana ɓare wani reshe da haƙori, sai kawai ta miƙa hannu ta kamo ƙafar ta jawo ta. Sau huɗu ina ƙirgawa. A na biyar ta ɗora ta a baya ta tashi, tana dogara bayan yatsunta a ƙasa, ba zani ba majanyi, 'yar kuma ba ta faɗo ba. Haka za ta yi ta fama, don sukan shayar shekara uku zuwa huɗu. Cikin ma wata takwas da rabi ne, kusan namu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne agololin gidan. Alika da Gernot 'ya'yan tsohon maigidan ne, Kumbuka, wanda ya taɓa ficewa daga ɗakinsa a 2016 ya shanye lita biyar ta lemon sirkawa da ba a sirka ba kafin a mayar da shi. Kiburi ya zo ya tarar da su. Ina kallo Gernot ya ɗauko tsumma yana wujijjigawa, ya zo ya wuce ta gaban masu jego da gudu. Kiburi bai tashi ba, bai bugi ƙirji ba. Ya ɗago kai, ya yi wani gurnani gajere kamar tari, shi ke nan yaro ya nemi lungu. Na ga maza da yawa da ba su iya riƙon agola haka ba.

Jikana mai shekara shida, angon nawa, ya matsa min: "Hajiya, ki ce masa ya bugi ƙirji mana." Na ce ai ba ɗan wasa ba ne, gidansa muka zo. Wani baƙo kuwa ya yi ta ƙwanƙwasa gilashi yana zuba masa ido, alhali ƙure su da kallo tsokana ce a wurinsu. Kiburi ya juya mana baya ya zauna, muka yi minti 20 muna kallon furfura.

Wurin yana da tsabta, akwai fili da ciyawa da itatuwan hawa, akwai ɗakin ciki mai ɗumi. Duk da haka zuciyata ta ɗan sosu. Asalin irinsu dazukan Kamaru da Gabon da Kongo ne, inda kowace yamma sukan lanƙwasa ganye su yi sabon makwanci, shi kuwa Kiburi a Turai aka haife shi. 'Yan uwansu na tsaunukan Afi da Mbe a jihar Kuros Riba, har da na tsallaken iyakar Kamaru, ba su fi 300 ba.

Wanda zai je ya isa ƙarfe goma da an buɗe, ya wuce wajensu kai tsaye, ya ba su awa guda a zaune. Ana barin mutum ya shiga da abincinsa, mu dambun nama da burodi muka ɗauka. Da muka fito mun ratsa lambun zuwa babban masallacin da ke ɗaya gefen muka yi salla, angon nawa yana gaba yana tafiya da bayan yatsu a kan ciyawa.